Yadda ma'aikaci zai ci moriyar gajeren kwas na Sinanci a ƙasar Sin

Duk tallar da ta ce maka za ka iya Sinanci cikin mako huɗu, ka wuce ta. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da harshen. Darasin awa huɗu kullum, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon mako huɗu, awa 80 ne kacal. Sai dai awa 80 daga kai sai malami ba abin rainawa ba ne. Idan ka riƙe su da kyau, za ka dawo kana tambayar farashi da bakinka, kana ciniki, kana gane inda maganar mai masana'anta ta dosa tun kafin tafinta ya buɗe baki. Ɗan kasuwa, ko injiniyan da ke aiki da kamfanin Sinawa, ko ma'aikaciyar da hutunta bai wuce wata guda ba, abin da ya kamata su nema ke nan.

Fara tun daga gida. Wata biyu kafin tafiya ka koyi pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, ka kuma saba wa kunnenka da karin sauti huɗu na harshen. Asara ce ka biya kuɗin jirgi da masauki sannan ka ɓata makon farko a kan abin da waya za ta koya maka kyauta. Sa ƙamus ɗin Pleco a wayarka, ni dai ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Wajen zaɓen gari, mutanenmu da yawa Guangzhou suke fara ambata, domin nan suka sani, nan suke da mai masauki a unguwar Xiaobei. To shi ya sa nake hana su. Harshen gida a can na Kanton ne, daban yake da Mandarin ɗin da za ka koya, ga shi kuma kowane dare za ka ƙare a majalisar 'yan uwa ana Hausa. Nemi garin da ba ka san kowa ba. Kunming da Guilin sun yi suna a irin wannan karatu: akwai makarantar Keats a Kunming, akwai CLI a Guilin, kuma rayuwa a garuruwan biyu ta fi ta Beijing da Shanghai sauƙi. Kunming tana da sanyin yanayi mai daɗi da masallatai na Musulmin ƙabilar Hui. Taiwan ma tana da makarantu masu kyau, amma tsohon salon rubutu ake amfani da shi a can, ba sauƙaƙaƙƙen da za ka gani a takardun 'yan kasuwar Sin ba.

Kada tafiyarka ta faɗa cikin bikin sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ko hutun mako guda da ke farawa 1 ga Oktoba. Azumi ma a duba shi, domin awa huɗu kana magana ba ruwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Bizar karatun da bai wuce kwana 180 ba ita ce X2. Kafin ka tura ko sisi, tambayi makarantar a rubuce: za ta ba ka takardar shaidar ɗauka da za ka kai wajen neman biza? Idan aka hana ka biza, nawa za ta mayar maka? Wadda ta yi ta kewaye-kewaye, rabu da ita. Riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo. In ka sauka, doka ce a yi maka rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24. Otal yana yi maka da kansa, amma in gidan wani ka sauka, sai kun je ofishinsu tare.

Yanzu ga inda kuɗin yawancin mutane ke zurarewa: cikin ajin kansa. Mutum ya biya don a koyar da shi shi kaɗai, sai ya zauna ya naɗe hannu, malama ta buɗe littafi daga shafin farko, su ci mako biyu a kan darasin ɗalibin jami'a da ke neman ɗakin karatu. Ba laifinta ba ne, ba ka faɗa mata abin da ya kawo ka ba. Tun kafin ka tashi, rubuta shafi guda na maganganun da aikinka ke buƙata, ka aika wa makarantar. Kada ka rubuta "Sinancin kasuwanci" kawai. Rubuta haka: ina son in tambayi mafi ƙarancin adadin da za a sayar mini, in ce launin nan ba shi na zaɓa ba, in tambayi ranar da kwantena za ta tashi, in ƙi giya a wajen liyafa ba tare da na ɓata wa mai gida rai ba. Wannan shafin shi ne manhajarka. Malama ta zama mai masana'anta, kai ka zama kai, ku yi ta maimaitawa har maganar ta zauna a bakinka.

Ranar farko ka roƙe ta abu biyu. Na ɗaya, ta gyara maka kowane karin sauti da ka karkata. Malaman Sin suna da kara, musamman ga babban mutum mai muƙami, kuma in sun gane nufinka sai su gyaɗa kai su wuce. Mai shago a titi ba zai gane ba. Ka nuna mata gyara ba ya ɓata maka rai, kuma ka sake faɗa bayan kwana biyu, domin za ta koma yin kara. Na biyu, ya zama bakinka ya fi nata motsi. Idan awa ta wuce ita ke ta bayani da Turanci kai kana rubutu, an yi lacca, ba a yi darasin da ka biya ba.

Bahaushe yana da riba a nan, domin Hausa ma harshe ne mai karin sauti, kunnenmu ya saba da hawa da saukar murya. Inda muke tuntuɓe shi ne p da f, waɗanda a bakinmu kusan abu ɗaya ne, a Sinanci kuwa sautuka biyu ne da ke sauya ma'ana. Haka bambancin b da p, d da t, g da k, duk na fitar iska ne. Yagi ƙaramar takarda ka riƙe ta gaban leɓenka: in ka ce pa ta kaɗa, in ka ce ba ta tsaya cik. Minti biyar kowace safiya ya isa. Sai lissafi. Sinawa suna ƙirga manyan kuɗi da dubu goma-goma, abin da suke kira wan, don haka dubu ɗari biyu a wajensu wan ashirin ne. Ɗan kasuwa ya ware lokaci kullum malama tana faɗin farashi da sauri yana rubutawa, har ya daina tsayawa tunani.

Kada ka sayi awa shida a rana don ganin hutunka gajere ne. A aji mai mutum goma kana samun numfashi lokacin da ake tambayar wani, a nan kuwa kowace tambaya taka ce. Bayan awa huɗu kai ya cika, kamar tulun da ake ta ɗura wa ruwa yana malala. Gara a raba awannin tsakanin malamai biyu don kunnenka ya saba da murya fiye da ɗaya, kuma in ba ku daidaita da wata ba, nemi canji a kwana uku na farko. Nemi izini ka riƙa naɗar darasin a waya. Rubutun hannu kuma ka ajiye shi gefe. Da pinyin ake buga saƙo a waya, abin da kake buƙata shi ne gane alamomin da ke kan ƙofa, rasit da jerin abinci. Mai son takardar shaida ya tambayi ranar jarrabawar HSK, amma kada shirin jarrabawa ya cinye maka lokacin magana.

La'asar ta titi ce. Kullum ka fita da aiki guda: sayen 'ya'yan itace, tambayar hanya, neman ragi. Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda galibi Musulmi ke riƙe da su, suna kusan kowane gari, kuma alamar 清真 a ƙofa tana nufin halal. Zaɓi guda ka zama ɗan gida, masu shi za su fara jan ka da hira. Abin da ya gagare ka faɗa, rubuta shi ka kai aji washegari.

WhatsApp, Google da Facebook ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar Sin, don haka ka buɗe WeChat, ka buɗe wa iyalinka, ka haɗa katin bankinka da manhajar biyan kuɗi ta Alipay tun kana gida. Sin ta riga Nijeriya da Nijar da awa bakwai, wato ƙarfe tara na safe a ofishinku ƙarfe huɗu na yamma ne a can, daidai lokacin fitarka. Faɗa wa abokan aiki awa ɗaya tak za su same ka da dare, in ba haka ba ofis zai biyo ka har Kunming.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ya danganta da gari da yawan awanni. Tambayi ko masauki, abinci, littattafai da ɗauko ka daga filin jirgi suna ciki. Ka kuma rage wani abu don bayan dawowa: kafin ka baro makarantar, shirya da malamar da ta fi gyara maka ku ci gaba ta intanet sau biyu a mako, ka biya na wata uku gaba ɗaya. Ƙarfe bakwai na safe a Kano ƙarfe biyu na rana ne a wajenta, sai ka gama darasi kafin ka fita aiki.