Wa Yake Jin Abin Da Kake Faɗa A Waya?

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya yi wayo a Kankara, Faskari ko Sabuwa bai manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da waya suke aiki. Sai a watan Disamba aka ba da umarnin dawo da layin. Ke nan ba sai an gaya mana cewa magana ɗaya, kamar "Baba ya sayar da shanu a Sheme, da yamma zai taso," tana iya zama fitina idan ta faɗa kunnen da bai dace ba. Darasinmu na wannan mako shi ne ta ina take faɗawa.

Mutane da yawa sun ɗauka kiran WhatsApp ba ya satuwa. Da gaskiyarsu, amma rabi. Tun 2016 kamfanin yake kulle kira da saƙo tun daga wayarka har zuwa wayar abokin maganarka, yadda ko kamfanin layi ba zai gane abin da ake cewa ba. To amma ɓarawo ba ya wahalar fasa katanga alhali ƙofa a buɗe take. Ƙofar ita ce lambobi shida da ake turo wa mutum idan zai buɗe WhatsApp a sabuwar waya. Duk wanda ya sami lambobin nan ya zama kai. Tsofaffin hirarrakinka ba za su bi shi ba, amma zai shiga duk zaurukan da kake ciki, na 'yan aji, na dangi, na unguwa, ya yi shiru yana sauraron duk saƙon murya da aka turo. In ya ga dama ya roƙi kawunka kuɗi da sunanka.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya kira ka. Ya ce shi jami'in rabon tallafi ne, ko mai shirya taron zauren ne, ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Wannan an san ta.

Wadda ba a cika sani ba ita ce ta akwatin saƙon murya. Wani akwati ne da kamfanin layi yake ajiye maka maganar wanda ya kira bai same ka ba, kuma yawancinmu ba mu ma san ko layinmu yana da shi ba. WhatsApp yana da zaɓin ya kira mutum ya karanta masa lambobin da murya. Sai ɓarawon ya jira tsakar dare kana barci, ko lokacin da wayarka take a kashe, abin da a nan ba sabon abu ba ne ga rashin wuta da rashin sabis. Kiran ya wuce akwatin, lambobin su zauna a ciki. Idan akwatin yana buɗuwa daga wata waya, kuma lambar sirrinsa tana nan yadda aka ba da ita, irin su 0000 ko 1234, shi ke nan. A 2018 hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta gargaɗi jama'arta a kan wannan dabara daidai. A Ingila kuwa, jaridar News of the World ta rufe a watan Yulin 2011 bayan shekara 168 tana fitowa, saboda an gano an riƙa sauraron saƙonnin muryar mutane don samo mata labari, har da na wata yarinya 'yar shekara 13 da aka sace aka kashe. Mu 'yan kulob ɗin jarida sai mu kula: wannan ba aikin jarida ba ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin hirar waya.

Akwai kuma juya kira. Wanda ya riƙe wayarka minti ɗaya, a shagon caji ko da sunan aron kira, yana iya danna wasu lambobi duk kiranka ya koma layinsa. Danna *#21# ka ga ko an juya, ##002# kuma yana soke juyin gaba ɗaya.

Wani lokaci laifin ba na mai waya ba ne. A watan Mayun 2019 aka gano wata ɓaraka a kiran WhatsApp da ake bi a dasa manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus, ko mutum bai ɗaga kiran ba. Kamfanin ya ce an kai wa kimanin mutum 1,400 hari, ya kai NSO Group, masu manhajar, ƙara a Amurka. Irin wannan tana da tsadar gaske, 'yan jarida da masu fafutuka aka fi nufa da ita, ba ɗan aji biyu ba. Maganinta sabunta manhaja, ko da kuwa ana ƙyashin data.

Abin da ya fi komai amfani ba ya cin ko kwabo. A cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa lambar sirri shida taka ta kanka. Ko an sace lambobin da aka turo, sai an nemi wannan. Kada ka sa shekarar haihuwa. Wanda ya daina amfani da layi ya cire WhatsApp ɗinsa daga kai, domin kamfani yakan sake sayar da layin da ya daɗe a ajiye. Idan kun je gida hutun mako, ku duba wayar Mama da ta Baba, ku sa musu, ku tabbatar sun haddace lambar, ba a rubuta ta a bayan waya ba.