Darasi: in mussa ta bar cin abinci

Manoma, mussa ita ce mai gadin rumbu. In ta kwanta ciwo, kusu ya samu gari, hatsin shekara ya lalace.

Mussa ba ta jure yunwa kamar kare. In ta kwana 3 ba ta ci ba, hantarta tana iya lalacewa. Don haka kada mu jira.

Ga abin yi:

1. A dube ta daga nesa tukuna. In tana dalalar da miyau, tana cizo ba dalili, kada a taɓa ta. Wataƙila haukan kare ne. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi gidan likita nan take.

2. In ba haka ba, a duba bakinta, ko ƙaya ta maƙale. A share hancinta da tsumma mai laima. Mussa ba ta cin abin da ba ta ji ƙanshinsa ba.

3. A ba ta ruwa mai tsabta da dafaffen kifi ko nama mai ɗumi, kaɗan kaɗan, ba ƙashi, ba albasa. Kada a yi mata ɗure.

4. Kada a ba ta farasitamol. Ƙwaya guda tana iya kashe ta.

5. In ta kwana 2 ba ta ci ba, ko ana zaton ta ci maganin kusu, a kai ta wurin likitan dabbobi.

Tambaya: wane magani ne ba a ba mussa?