Darasin Lafiya: In Nauyi Ya Ƙi Sauka Ga Mace Mai Gab Da Daina Al'ada

Darasinmu na yau ya shafi iyayenmu mata da ƴan'uwanmu da suka haura shekara 40, musamman waɗanda suke shan maganin rage cin abinci domin su rage ƙiba. Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci na Gazawa da Agye da Gidan Rumji su karanta shi tare da ɗalibansu, maza da mata, domin lafiyar uwargida ta shafi gida gaba ɗaya.

Mun sani a ƙasarmu an fi jin tsoron rama bisa ga ƙiba, har ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. Amma ƙibar da ta wuce kima tana jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Shi ya sa wasu mata suka shiga neman maganin rage ta.

Mu ɗauki misali

A ce ga mace mai shekara 47, mai nauyin kilo 90. Ta fara shan magani, sha'awar abinci ta ragu, cikin ƴan watanni ta sauke kilo 7. Daga nan sai sikeli ya tsaya cik. Wata ya wuce, wani ya bi, babu canji. Ga al'adarta ta rikice, ga zufa da dare, ga barci ya ƙaurace mata. Sai maƙwabciya ta ce mata: "Yaya, ai maganin nan ya saba da jikinki. Ki riƙa shan biyu, ko ki sayi wani a kasuwa." Wannan shawara ita ce muke so mu yi gargaɗi a kanta.

Abin da yake faruwa a jikin mace

Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Likitoci ba su cewa mace ta daina sai ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba. Kafin wannan lokaci akwai shekaru na sauyi, inda al'ada take zuwa tana ɗaukewa, domin wani sinadari na jikin mace da ake kira istirojin yana hawa yana sauka, har ya ragu ƙwarai.

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa a waɗannan shekaru. Na farko, kitse yana barin cinya da ƙugu ya taru a ciki, kuma kitsen ciki shi ne ya fi haɗari ga zuciya. Na biyu, tsoka tana raguwa da shekaru, alhali tsoka ce take cinye mafi yawan abin da muka ci idan muna aiki. Na uku, rashin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi. Na huɗu, aikin ƙarfi yana raguwa. Matar da a da take daka da surfe da ɗebo ruwa da zuwa gamana, yau surukai da jikoki sun ɗauke mata, injin niƙa ya maye gurbin turmi, kabu-kabu ya maye gurbin tafiyar ƙasa.

Me ya sa nauyi yake tsayawa?

Ko babu zancen daina al'ada, duk wanda ya rage nauyi zai kai wani matsayi ya tsaya. Jikin da ya ragu ba ya bukatar abinci kamar da. Abincin da yake sa mai kilo 90 ta rame, shi ne daidai bukatar mai kilo 83. Ban da haka, jiki yana yin irin dabarar magidanci a lokacin bazara: in ya ga rumbu yana yin ƙasa, sai ya rage awo.

Hatta sababbin allurai masu tsada haka suke. Allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic ko Wegovy, an amince da ita a Amurka don ciwon sukari a 2017, sa'an nan don ƙiba a 2021. A babban gwajin da aka yi mata, mutane sun sauke kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, kuma saukar ta tsaya bayan shekara ɗaya da ƴan watanni. Waɗanda suka daina allurar sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara ɗaya. Wannan ya nuna mana cewa ko da sikeli ya tsaya, magani yana nan yana riƙe abin da aka riga aka samu.

Manomi ya san haka a gonarsa. Takin zamani daidai gwargwado yana gyara gero, amma wanda ya zuba ninki biyu a gindin shuka don yana gaggawa, ƙona ta zai yi.

Haɗarin maganin kasuwa

Magungunan kashe yunwa suna da mummunan tarihi. A 1997 an janye Pondéral da Isoméride daga kasuwa saboda suna lalata zuciya. A 2009 Faransa ta hana Mediator, wanda aka riƙa bai wa mutane don rage ƙiba, bayan ya yi sanadin mutuwar mutane da yawa. A 2010 ƙasashen Turai da Amurka suka janye sibutramine saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Duk da haka an sha gano wannan sibutramine a ɓoye cikin ganyen shayi da ƙwayoyin rage ƙiba waɗanda aka rubuta wa cewa na itatuwa ne zalla. A 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami jabun allurar semaglutide a wasu ƙasashe. Ita ta gaskiyar ma sai an adana ta cikin firji kafin a fara amfani da ita. To, ina ga wadda ta wuni cikin rana a kan teburin mai talla?

Akwai kuma wani abin lura. Mata da yawa masu ciwon gwiwa da baya suna sayen dexamethasone wurin masu tallar magani. Wannan ƙwaya tana cikin waɗanda ake kira "sha ka fashe". Tana kumbura fuska, tana tara kitse a ciki, tana tayar da hawan jini da sukari, tana kuma raunana ƙashi. Mai shan ta tare da maganin rage ƙiba kamar mai ɗibar ruwa ce da kwando. Amma wadda ta daɗe tana shan ta kada ta daina rana ɗaya, sai likita ya nuna mata yadda za ta rage sannu a hankali.

Abin da ya kamata a yi

1. A koma wurin ma'aikacin lafiyar da ya rubuta maganin. Kada a ƙara, kada a haɗa da wani sai da izininsa. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha. A nemi awon jini da na sukari. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura mace babban asibiti ko Maraɗi.

2. A auna ƙugu, kada a dogara ga sikeli kaɗai. A yanki igiya daidai tsawon mace, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakinta biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. A maimaita kowane wata. Sau da yawa zane yana sakewa ko da kilo bai motsa ba.

3. A ciyar da tsoka. Mai shan maganin kashe yunwa ɗan abinci kaɗan take ci, saboda haka ya zama mai amfani: wake, nono, ƙwai, kifi, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale ko rama ko tafasa. Duk waɗannan muna da su a gonakinmu da garakenmu. Furar gero da nono ba tare da sukari ba ta fi lemun kwalba da fanke nesa ba kusa ba.

4. A rage sukari da mai da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. A ƙidaya sukarin da ake jefawa cikin shayi da koko da fura.

5. A motsa jiki kamar minti 30 a yini, kwana 5 a mako. Tafiya da sauri, shara, ban ruwan lambu da ɗan daka duk suna cikin lissafi. Wadda take cikin kulle tana iya zagaya tsakar gida da sanyin safiya. Maigida, taimakonka a nan shi ne ka ba da izinin zuwa asibiti, ka kuma kawo wake da ganye cikin cefane.

Gargaɗi biyu na musamman

Mace tana iya ɗaukar ciki muddin ba ta cika wata 12 babu al'ada ba, kuma magungunan rage ƙiba ba su dace da mai ciki ba. Wadda al'adarta ta ɗauke ta je unguwarzoma ta duba ta. Sa'an nan jinin da ya dawo bayan an cika shekara da dainawa, ko jini mai yawa fiye da kima, ko rama babu dalili tare da yawan ƙishirwa da fitsari, duk alamu ne da ba a zama da su a gida.

Mu tuna, wadda ta sauke kilo 5 cikin 100 na nauyinta ta kuma riƙe hakan, ta riga ta taimaki jininta da sukarinta da gwiwoyinta. Matar misalinmu ta wuce wannan, ba ta sani ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wata nawa mace za ta yi babu al'ada kafin a ce ta daina?
2. Me ya sa nauyi yake tsayawa bayan ya fara sauka?
3. Yaya ake awon ƙugu da igiya?
4. Waɗanne abinci masu gina tsoka muke nomawa a garinmu?