Shawara Ga Mai Son Rubuta Wa Yara Littafi

Matasan Kura da Bunkure masu sha'awar rubuta wa yara littafi, ku dubi aikin Alhaji Abubakar Imam (1911–1981). Ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, ya rubuta Magana Jari Ce juzu'i uku, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya kuma ba da labarin zuwansa Ingila a Tafiya Mabuɗin Ilmi, sannan shi da Rupert East suka yi wa ɗalibai bayanin halittu a Ikon Allah. Bai tsare kansa ga fanni ɗaya ba, ku ma kada ku tsare kanku.

Ku fara da abin da yaro ke gani kullum: ruwan Tiga yana bin kwalbati zuwa gonar shinkafa, korar tsuntsaye da gwangwani, kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Daga nan za a iya fitar da labarin ban dariya, da bayanin yadda tsiro ke shan ruwa, da gargaɗi kan wanka a babbar magudana.

Ku gajarta jimla, ku rage wa'azi, ku bar labari ya koyar da kansa. In kun gama, ku tara ƙannenku ku karanta musu da babbar murya. Duk inda suka fara hamma ko waige-waige, wurin na bukatar gyara. Daga ƙarshe, ku kai wa malamin Hausa ya duba muku ƙa'idojin rubutu kafin ku je maɗaba'a.