Nono Zalla Wata Shida: Ina Matsalar Take?



'Yan uwa, aya ta 233 a Suratul Baƙara kusan kowa ya san farkonta, maganar shayarwa shekara biyu cikakku. Abin da mu maza muke tsallakewa shi ne ci gaban ayar, inda Allah ya ɗora ci da tufafin mai shayarwa a wuyan uban yaro. Ni a ganina daga nan matsalar take farawa.

Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce wata 6 na farko nono kaɗai za a ba jariri, ko ruwa ban da shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ya ishe shi ko a zafin bazara. Cikinsa kuma ɗan ƙarami ne. In aka cika shi da ruwa sai ya rage tsotso, alhali tsotson ne ke kawo nono. Sannan wane ruwa ma? A unguwanninmu na talakawa, na jarkar mai ga-ruwa ne, wanda ba ka san inda aka ɗebo shi ba. Gudawa ke nan.

To me ya hana? Yarinya ta dawo daga awo da wannan bayani, uwar miji ta ce, "Ke, da ƙishirwa za ki kashe min jika?" Wace suruka ce za ta buɗe baki? Kai ɗanta, kai za ka zauna ka ce, "Inna, ga abin da likita ya ce," cikin ladabi. Haka maganar dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne. Wallahi shi ne rigakafin farko na yaro, kuma ban san wani nassi da ya ce a zubar da shi ba.

Wasu su kawo hujja da tahniki. E, ya tabbata Annabi (SAW) ya tauna dabino ya goga a dasashin Abdullahi ɗan Zubairu. Amma gogawa ce, ɗan kaɗan, sau ɗaya. Ba ta zama lasisin ɗura wa jariri rubutu da jiƙe-jiƙe kullum ba.

Sai babbar, wato yunwa. Mace ta karya da koko tsura, ta fita aikatau ko wankau, ta bar jariri wurin 'yar shekara 9. Ya yi kuka, me za a ba shi in ba kunu ba? Kai kuma kana teburin mai shayi, an soya maka ƙwai uku. An yanka rago ranar suna, an yi kunun kanwa na jego, daga arba'in shi ke nan an manta da ita. Kuɗin gwangwanin madara ɗaya, da ka sayo mata wake da gyaɗa da zogale, da ya fi.

Kuma in azumi ya zo tana tsoron wa yaron, shari'a ta ba ta rangwame ta sha. A mazhabar Malikiyya za ta rama, ta kuma ciyar.

Wallahu a'alam.