Tabo da Daskarewar Alli a Cutar Peyronie: Bayanin Cutar da Matsalar Sa Mata Suna a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi cutar da ke lanƙwasa mazakutar namiji bayan ya girma. Ta yi bayanin yadda tabo ke samuwa a cikin gaban da yadda yake daskarewa har ya kusa zama ƙashi, sannan ta auna kalmomin Hausa da mai fassara zai iya ɗauka domin isar da wannan ilimi ga majinyaci.

1.0 Gabatarwa

Cutar ta samo sunanta daga François Gigot de la Peyronie, likitan fiɗa na Sarki Louis na 15 na Faransa, wanda ya yi bayaninta a rubuce a 1743. Ta bambanta da lanƙwasar da ake haihuwar yaro da ita, domin wannan ba ta da tabo ko kaɗan. Ta Peyronie kuwa daga baya take zuwa, galibi ga mazan da suka haura shekara 40, kuma an fi ganinta ga masu ciwon suga da masu wata cuta ta tafin hannu da ake kira Dupuytren, wadda ke naɗe yatsu. Hausa ba ta da tsayayyen suna guda da kowa ya san ta da shi. Majinyaci kan ce «gabana ya karkace», wani lokacin ma kunya ta sa ya tsaya ga «matsalar iyali», likita ya yi ta lalube.

2.0 Yadda tabon ke samuwa

A cikin azzakari akwai wasu sassa biyu dogaye masu kama da soso, waɗanda ke cika da jini lokacin miƙewa. Wani farin kwanso mai ƙarfi ya lulluɓe su. Sunansa na Latin, tunika albujiniya, ma'anarsa farar riga, kuma babu dalilin da zai hana a riƙe «farar riga» a Hausa. An saƙa ta da zare iri biyu: kolajin mai ba da ƙarfi, da elastin mai talewa ya koma kamar roba.

Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cutar na farawa da ƙananan raunuka a wannan riga, sau da yawa idan gaban ya lanƙwashe da ƙarfi a lokacin saduwa. Maza da yawa ba su ma iya tuna ranar da abin ya faru. Jini kan ɗan tsiyaya tsakanin shimfiɗun rigar, sinadarin da ke sa jini gudaji ya maƙale a wurin, kumburi ya biyo baya. Ga yawancin mutane raunin kan warke ba tare da alama ba. Ga wasu kuwa aikin warkewar ba ya tsayawa inda ya kamata: ƙwayoyin da ke ɗinke rauni su ci gaba da zuba kolajin barkatai, elastin ya ragargaje, har a sami wani fegi mai tauri da ake iya ji da yatsa a ƙarƙashin fata.

Wanda ya taɓa ganin tiyub ɗin keke da aka manna wa faci mai kauri zai gane sauran. Idan aka hura iska, ko'ina na buɗewa ban da wurin facin, sai tiyub ɗin ya karkata zuwa gefensa. Tabon ya fi zama a saman gaban, shi ya sa lanƙwasar ta fi yin sama. Idan ya kewaye gaban sai ya tsuke shi a tsakiya kamar kalangu, kuma sau da yawa tsawon kan ragu.

Likitoci na raba cutar mataki biyu. A na farko, wanda kan ɗauki wata 6 zuwa 18, akwai zafi lokacin miƙewa kuma siffar na sauyawa. A na biyu zafin ya lafa, lanƙwasar ta tsaya. Binciken da Mulhall da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 kan mazan da ba a yi wa magani ba ya nuna kashi 12 cikin 100 ne kawai lanƙwasarsu ta ragu, kashi 40 ta tsaya yadda take, kashi 48 ta ƙaru. Lafawar zafi ke nan ba warkewa ba ce, kuma a nan ne mai sayar da magani a kasuwa ke samun shaidar da bai cancanta ba.

3.0 Daskarewar alli

A wasu tabban, sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ginshiƙin ƙashi da alli, yana taruwa. Wannan bai danganci yawan kalsiyam a abinci ba. Wasu ƙwayoyin da ke cikin tabon ne ke rikiɗa su kama aikin ƙwayoyin gina ƙashi, har a wasu lokuta a sami ƙashi na haƙiƙa a wurin. Na'urar sikanin ce ta fi gano shi, domin wurin kan fito fari fat da inuwa a bayansa.

A 2013 Levine da abokan aikinsa a Chicago sun sami wannan daskarewa ga kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatansu, suka raba ta daraja uku: ɗigon da bai wuce santimita 0.3 ba, wanda ke tsakanin 0.3 da 1.5, da wanda ya haura 1.5. Sun kuma lura cewa tana iya bayyana tun a shekarar farko, saɓanin tsohon zato cewa sai cutar ta tsufa.

Amfanin wannan rabo a aikace yake. Allurar Xiaflex, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disamba 2013, narkar da kolajin take yi, ba ta narkar da alli, kuma allura ba ta iya huda fegin da ya zama dutse. Don haka mai daraja ta uku ya fi kusa da fiɗa: ko a tattare gefen da ya fi tsawo domin ya daidaita da gajeren, wanda ke rage tsawo, ko a tsaga tabon a yi masa faci, ko a dasa na'ura idan miƙewar ma ta gaza. Ba a yin ko ɗaya sai cutar ta tsaya cik na wasu watanni.

4.0 Kalmomin da za a ɗauka da waɗanda za a guje wa

«Ƙari» ita ce kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara, ita ce kuma mafi haɗari. Bahaushe na jin ta tare da daji, alhali tabon Peyronie ba daji ba ne kuma ba ya komawa daji. «Jijiya» ma ba ta da amfani a nan, tunda tana ɗaukar hanyar jini da agara da zaren saƙon jiki duka, kuma idan aka ce jijiya ta ƙage, majinyaci zai nufi mai tausa ko mai ɗori, wanda murzarsa na iya ƙara rauni.

«Tabo» ta fi dacewa, domin tana ɗauke da tarihin rauni da warkewa. Rauninta shi ne an saba jin ta a kan fata, don haka «tabon ciki» ko «tabon farar riga» zai gyara. Matakin kalsiyam ya fi wuya. «Ƙashi» na tsoratarwa, kuma ba kullum yake daidai ba. «Tsakuwa» ta riga ta zama ta ƙoda da mafitsara, za ta sa a yi zaton abu ne da fitsari zai fitar. «Daskarewar alli» ba ta da farin jini a kunne tukuna, amma ta faɗi launin da taurin, kuma tana barin likita ya ce «alli kaɗan» ko «alli mai yawa», wanda shi ne bambancin da ke tsakanin wanda allura za ta yi wa amfani da wanda sai an kai shi ɗakin fiɗa.