Koyon Aiki a Ofisoshin Kamfanonin Jiragen Sama na Ƙasashen Waje

Da yawa daga cikin jama'a, in aka ambaci aikin jirgin sama, matuƙi ne da ma'aikatan cikin jirgi suke faɗo musu a rai. Alhali kuwa kafin jirgi ya tashi akwai rundunar ma'aikatan ofis da suka yanke inda zai je, da lokacin tashinsa, da kuɗin kowace kujera. Wannan shi ne ɓangaren kasuwanci, kuma a nan ne wanda ya sami digiri a tattalin arziki, ko akanta, ko lissafi, ko shari'a yake iya samun gurbin koyon aiki na watanni uku zuwa shekara ɗaya.

Ya kamata mai nema ya fahimci irin hajar da ake sayarwa. Kujerar jirgi ta fi tumatir saurin lalacewa, domin da zarar an rufe ƙofa, kujerar da babu kowa a kanta ta zama asara har abada. Jirgi mai kujeru 180 da ya tashi da fasinja 120 ya yi asarar kujeru 60, ga shi kuwa albashin matuƙa da kuɗin sauka ba su ragu ba, man da zai sha ma kaɗan ne ya ragu. Saboda haka kamfanoni suke da sashen da aikinsa kurum shi ne hasashen yawan matafiya da sauya farashi kullum, kuma shi ya sa mutum biyu da ke zaune kusa da juna sukan biya kuɗi daban. Wannan fanni ya bunƙasa ne a Amurka bayan dokar 1978 wadda ta sakar wa kamfanoni mara wajen tsayar da farashi. Wanda ya iya bayyana wannan a gaban masu ganawa ya riga ya sha gaban wanda ya ce shi dai yana son tafiye-tafiye. Akwai kuma sashen tsara hanyoyi, da na dakon kaya, da na sayen mai, da na lauyoyi masu kula da yarjejeniyar sufuri tsakanin ƙasa da ƙasa.

To, ina ake nema? Manyan kamfanoni irin su Lufthansa, KLM da British Airways suna sanar da gurabensu a shafunansu na intanet, yawanci watanni da dama kafin ranar fara aiki. Akwai kuma ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, wadda aka kafa a 1945, mai ofisoshi a Montiriyal da Janiba, da hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ma a Montiriyal, da ƙungiyar kamfanonin Afirka, AFRAA, a Nairobi.

Babban cikas shi ne izinin aiki. Kamfanonin Turai galibi ba su ɗawainiyar nema wa mai koyo na 'yan watanni biza. Sukan rubuta a tallar cewa sai wanda ya riga ya sami izini, wasu kuma sai wanda yake ɗalibi har yanzu. Lalle ne a karanta wannan sharaɗi tun farko, kada a ɓata mako guda ana cika takardu a banza. Hanyar da ta fi buɗewa ita ce ta karatu: tun 2021 Birtaniya take barin wanda ya gama digiri a jami'o'inta ya zauna ya yi aiki na wani lokaci, Jamus kuma tana ba da wata 18 don neman aiki. Dokokin nan suna sauyawa, don haka ofishin jakadanci ne wurin tabbatarwa.

Abin da aka fi mantawa da shi kuwa yana kusa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza har kwana 90, ko da yake zama don aiki yana buƙatar takardar izini. Kamfanin ASKY yana Lome, Air Côte d'Ivoire yana Abijan, kuma mai jin Faransanci yana da rinjaye a wurinsu. Ƙananan kamfanoni ba su cika yin talla ba. Wasiƙa gajera zuwa ga shugaban sashe, mai bayyana abin da mutum ya iya, takan fi tasiri.

A takardar nema a nuna ƙwarewa da hujja: iya sarrafa alƙaluma da Excel, da wani nazari da mutum ya yi da kansa, misali kwatanta farashin tikitin Kano zuwa Jidda a watanni daban-daban. A tambaya tun da wuri ko ana biyan alawus, domin wasu gurabe babu biya, haya kuwa a Janiba ba wasa ba ce. Wanda bai yi bautar ƙasa ba ya daidaita lokacinsa da kiran hukumar NYSC.

Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ba da gurbi. Duk dillalin da ya nemi a biya shi, ko ya ce a miƙa masa fasfo, a kai rahotonsa ga 'yan sanda ko hukumar EFCC.